Bindigar da Ba Ta Zo Masar Ba

Kawuna yana da bindiga, kuma tun da nake ban taɓa ganin mutumin da bindigarsa ta mayar matsoraci kamarsa ba. Mai baki biyu ce, irin ta harbin zabi, da lasisinta na gwamnati wanda yake sabuntawa tun kafin a haife ni. Yayan mahaifiyata ne, manomi, yana da gona da 'yan shanu a bayan garinmu. Iyakar ɓarnar da bindigar nan ta yi a duniya, a sanina, ita ce zabin daji da wasu birai marasa kunya da suka addabi masararsa. Sauran rayuwarta a ƙarƙashin gado ta yi, naɗe cikin tsohon bargo, ana shafa mata mai duk Juma'a.

Doka ɗaya gare shi a kanta, kuma duk wanda ya taɓa zama a motarsa ya haddace ta: bindiga ba ta shiga mota. Ko gona za shi, gara ya rataya ta ya taka da ƙafa. Dalilinsa wani abokinsa ne, shi ma mai lasisi, da suka yi cacar baki da wani direba a layin shan mai. Direban ya ga hujja ta ƙare masa, sai ya ɗaga murya ya ce an nuna masa bindiga. Aka duba bayan mota aka same ta, a cikin jakarta, ko harsashi babu. Wa zai tsaya sauraron wannan bayani? Aka karɓe lasisi, kuma har mutumin ya koma ga Allah ana nuna shi da baki a kasuwa.

"Ba ɗauri nake tsoro ba," in ji Kawu. "A ce wane ya ɗaga wa ɗan Adam bindiga, a rubuta, shi nake tsoro. Ni a binne ni ba a taɓa rubuta mini wannan ba, ya ishe ni."

Na ji wannan huɗuba ina yaro, na ji ta ina saurayi, na kuma sake jin ta a hanyar filin jirgin Alkahira zuwa Abbasiya, ranar da ya sauka don a yi masa aikin gwiwa. Bai tambayi dalar fir'aunoni ba, bai tambayi kogin Nilu ba. Yana ganin yadda motoci ke cusa kai cikin juna ya ce, "Ustaz, nan ai wurin sharri ne. Allah ya sa dai ba ka yawo da komai a mota." Ustaz yake ce mini, da wata murya da ke nuna bai yarda karatun ya shiga ba. Na ce masa abin da ya fi haɗari a motata shi ne birki.

A lokacin na shekara goma sha ɗaya a Alkahira. Karatu ya kawo ni, karatu ya ƙare, ni ban ƙare ba. Sana'ata tarbar marasa lafiya daga gida: in ɗauko su, in sama musu masauki, in kai su asibiti, in tsaya tsakaninsu da likita ina juya Hausa zuwa Larabci da Larabci zuwa Hausa. Kuma ina da girman kai a kan aikin nan. Ina gaya wa kowa cewa ni ba na ƙari ba na ragi, abin da likita ya faɗa shi zan faɗa, ko da mai ɗaci ne. Na sha faɗin haka da ƙirji a buɗe, har na fara yarda da kaina.

Ranar da abin ya faru mun fito daga wani asibiti a Dokki bayan azahar, an gama gwaje-gwajen ƙarshe, an ce washegari da safe za a shiga da shi. Likitan zai bar ƙasar bayan nan na tsawon lokacin da bizar Kawu ba za ta kai ba. Wato in gobe ta wuce, Kawu zai koma gida da gwiwarsa kamar yadda ya zo da ita, yana salla a kan kujera, abin da ya fi tsana a duniya bayan sharrin direbobi.

Muna cikin cunkoso sai wata mikrobas, irin ƙananan fararen bas ɗin nan na haya, ta ga wata 'yar kafa tsakanina da bangon gada wadda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta shiga. Direban bai yi tunani ba. Ya shigo, ya tafi da madubina na gefe, ya kankare mini ƙofa tun daga gaba har baya, sannan ya tsaya ya leƙo yana tambayata ko makaho ne ni.

Faɗan titi a Alkahira yana da ladubbansa, kamar alwala, kuma na san su sarai. Ku fito ku duka biyu ku bar ƙofofi a buɗe. Ku ɗaga murya, ku buga ƙirji, kowa ya tambayi ɗan'uwansa ko ya san da wa yake magana. Ka nufi abokin faɗanka da sauri, amma kana satar kallon masu zuwa rabo, in ba su iso ba ka rage tafiya. Da an riƙe ka sai ka fara fizge-fizge da gaske. Can wani dattijo zai ce ku yi salati ga Annabi, kowa ya yi, a ce ma'alish, wato a yi haƙuri, wani ya sumbaci kan wani, a watse. Ba a dukan kowa, kuma babu wanda ke cin nasara. Wannan na ƙarshen shi ne na manta, saboda Kawu yana kallona ta gilashi, kuma ina so ya ga Larabcin shekara goma sha ɗaya yana aiki.

Sai na tsaya ina kafa hujja. Na nuna fentin motarsa a jikin ƙofata, na nuna inda tayarsa ta hau dakalin gada, na kira fasinjojinsa shaida ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar da ƙara. Wata mata a cikin motarsa ta ce gaskiya baƙon nan ya fi shi gaskiya. Mutane suka fara gyaɗa kai. Na ji daɗi har cikin raina, ban ɓoye ba. Na kunyata mutum a gaban fasinjojinsa, a kan titin da yake bi sau goma a yini, ina jiran ya gode mini.

Ya waiga ya dubi motata. Kawu yana zaune a gaba, babbar riga da hula, fuska a murtuke, hannunsa na dama a cikin riga daidai ƙirji. Ni na sa shi haka. Tun ranar da ya sauka na gargaɗe shi cewa in ya ga taro ya dafe aljihun da fasfo yake, shi kuwa Kawu in ya karɓi doka ba ya sakinta. Direban ya ja da baya taku biyu, ya ɗora hannu a ka, ya kwarma ihu cewa tsohon nan yana da makami, ya zaro ya nuna masa, yanzu ya mayar cikin riga.

Da idona na ga taron da ke gyaɗa mini kai ya buɗe kamar an watsa ruwan zafi. Matar da ta ba ni gaskiya ta rufe tagarta. Kawu kuwa, da yake ba ya jin ko kalma ɗaya, ganin an nuna shi da yatsa sai ya ƙara danna hannun cikin rigar.

'Yan sanda suka iso, aka tafi da mu wani ofishinsu da ke kusa. An caje Kawu tun a titi, an caje motar har ƙarƙashin kujeru, abin da aka samu shi ne sandar dogarawarsa, da dardumar salla, da ledar hotunan gwiwa. Direban ya ce ai tsohon ya miƙa wa wani makamin a cikin taro. Wane ne wanin? Baƙi ne irinsu, in ji shi. A hanya Kawu ya tambaye ni me ake ciki, na gaya masa. Shekara talatin da wani abu mutum yana taka ƙafa zuwa gona don gudun magana ɗaya, ga ta ta hau jirgi ta biyo shi, bindigar kuma tana can ƙarƙashin gado tana barcinta.

Jami'in da aka kai mu gabansa mutum ne mai furfura a gefen kai, da kofin shayi da ya huce, da fuskar wanda ya ji irin wannan ƙarya sau uku tun safe. Ya saurari direban yana kallon silin. Ya dubi Kawu, ya dubi sandar, ya dubi hotunan gwiwa, har ya ɗaga ɗaya ya haska a taga kamar ya san abin da yake nema. Na ga alamar yana shirin korar mu duka. Sai ya yi tambayar nan ta cika ƙa'ida, yana rufe littafinsa:

"Tambayi Alhaji, yana da makami?"

Amsar kalma ɗaya ce, kuma a bakina take. Da na ce a'a da kaina, da mun sha shayin la'asar a gida. Amma ni ne mai aikin da ba ya ƙari ba ya ragi. Na juya na ce, "Kawu, wai kana da bindiga?"

Kawu ya gyara zama. Na ga wani haske ya dawo fuskarsa, na kuma gane, a makare, abin da ke zuwa. A garinmu, in hukuma ta tambaye ka wannan, lokacin nuna kai ne ya zo. Mai lasisi ba ɗan daba ba ne, mutum ne da mai unguwa da hakimi da 'yan sanda suka bincika suka sa wa hannu. Takardar nan a wurin Kawu shaidar mutunci ce, ta fi fasfo, shi ya sa duk inda za shi tana aljihun ƙirji. Ya sa hannu cikin riga, ya zaro ɗan littafin da ya sha jiki, ya buɗe shafin da hotonsa yake tun yana da baƙin gemu, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu.

"Gaya masa ni mai lasisi ne," in ji shi. "Gaya masa irinmu ba ma wannan aikin. Ya duba, babu shekarar da na tsallake."

Na ce, "Kawu, don Allah mayar da wannan."

"In mayar? Ai yanzu ya kamata a gani."

Jami'in ya riga ya ɗauka. Turancinsa ba mai yawa ba ne, amma ya isa ya gane kalma ɗaya da ke saman shafin, da lambar bindiga a ƙasa. Ya sake buɗe littafin da ya rufe. Direban, wanda shi kansa ya fara gajiya da ƙaryarsa, ya miƙe tsaye yana kabbara, ya ga Allah ya gaskata shi a kan abin da ya ƙirƙira da bakinsa.

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Bindigar tana wata ƙasa. Ta zabi ce. Tsawonta ya kai rabin mutum, ba ta shiga aljihun riga, balle ta wuce filin jirgi biyu. Jami'in ya ce ya yarda da ni, wallahi ya yarda, amma yanzu akwai mai ƙara, akwai baƙo, akwai takardar makami a kan teburinsa, ba zai iya yin kamar bai gani ba. Gobe da safe sai a tura maganar gaba, fasfo kuma ya zauna a wurinsu har a gama. Sai dai in an yi sulhu mai ƙara ya janye, shi kuma ya rufe komai a nan. Ya faɗi haka yana kallona, irin kallon da ke cewa ga ƙofa nan na buɗe maka, kada ka tsaya auna faɗinta.

Direban ya yarda da sulhu, amma da sharaɗi. Shi fa an ce masa maƙaryaci a gaban mutane, don haka sai a rubuta cewa ba ƙarya ya yi ba. Wani magatakarda ya zauna ya tsara layuka shida da rubutun hannu. Na karanta sau biyu. Takardar ta ce Kawu, cikin fushi, ya sa hannu a rigarsa ya nuna wa direban wani abu mai kama da makami don ya tsorata shi, ya yi nadama, ya nemi afuwa, an yafe masa, magana ta ƙare. Babu ɗauri, babu tara, babu kotu. Jami'in ya ce takarda ce kawai, za ta shiga kwaba ta kwanta har tashin duniya.

Aka miƙa wa Kawu biro. Ya karkata takardar, ya matso da ita, ya nisanta ta. Kawu ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma rubutun magatakardan Masar wani abu ne dabam, ko ni sai da na haɗa da addu'a. Ya ajiye ya dube ni.

"Ustaz, karanta mini. Kada ka rage komai."

Na dubi gwiwarsa da ta kumbura har ta ɗaga wando. Na tuna yadda yake cije baki in zai shiga mota, da yadda ya ce mini a jiya burinsa ya sa goshi a ƙasa kafin ya mutu. Na kuma san halinsa: in ya ji abin da ke ciki zai ture biron ya ce a kai shi duk inda za a kai shi. Haka na yanke, ni kaɗai, cikin daƙiƙa biyar, a kan sunan mutumin da ya girmi uwata. Na ɗauki takardar, na bi layukan da yatsa don abin ya yi kyau, na karanta masa da muryar aiki cewa an bincika ba a samu komai ba, mai ƙara ya janye maganarsa ya amsa kuskure ne, kuma hukuma ta shaida Alhaji bai ɗaga wa kowa makami ba. Hausar ta fito sumul. Ban taɓa yin fassara mai daɗinta ba.

Kawu ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi. Direban ya zo ya sumbaci kansa, Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce in gaya masa ya yafe masa duniya da lahira, amma ya daina ƙarya. Wannan ma na fassara rabi. Har mun kai ƙofa Kawu ya tsaya ya ce shi fa sai an ba shi kwafi. Na ce ba a bayarwa. Jami'in, da ya ga muna ja-in-ja, ya tambaya, kuma don ya nuna karamcin Misirawa ya sa aka buga mana ɗaya har da hatimi. Allah ya saka masa.

An yi aiki washegari, an yi nasara. Ya yi sati uku a gidana yana koyon tafiya tsakanin falo da baranda, yana ba matata labarin yadda lasisinsa ya cece mu, yana cewa da don ta Ustaz ne da an ɓoye shi mun kwana a can. Na nemi takardar nan ta kowace hanya. Na ce in ajiye masa, na ce in kai a fassara ta da kyau, har jakarsa na laluba yana wanka. Tana aljihun ƙirji, a linke cikin littafin lasisi, kuma ko wanka zai shiga da rigar yake shiga. Da na raka shi filin jirgi na lallashi kaina da cewa babu mai iya karanta rubutun nan a garinmu.

Bayan wata huɗu wayata ta yi ƙara da hantsi ina kan layin karɓar magani. Kawu ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gwiwa, ya ce yanzu har sujada yake yi, tun watan jiya ya ba da kujerar. Na yi murna ta gaske.

Ya ce an yi sabon na'ibi a masallacinsu, wanda shi ma a Masar ya yi karatu. Jiya bayan la'asar, dattawa suna zaune a ƙofar masallaci, ya fito da takardar ya ba shi ya karanta wa jama'a, don su ji abin da hukumar wata ƙasa ta rubuta a kansa. Na'ibin ya miƙe tsaye ya fara, yana karanta layi yana fassarawa da ƙarfi, yadda ake yi a wurin tafsiri. Sai da ya kai layi na uku ya gane inda maganar ta dosa ya tsaya, amma ya riga ya faɗi wurin riga da wurin makami. Mutum goma sha wani abu ne a wurin, duk sa'o'insa.

Na fara magana. Na ce gwiwa, na ce likita, na ce biza, na ce takarda ce kawai. Ya bar ni na gama tas, abin da bai taɓa yi ba.

"Na sani," in ji shi. "Ni ma daren jiya na yi ta tunani. Ciwon nan ya kai ni inda ba ka sani ba. Da ka karanta mini gaskiya, ina jin da na yi faɗa, da na zage ka, sannan da na sa hannun. Ina jin da na sa." Ya numfasa. "Amma da na san abin da na sa wa hannu, da ban kai ta ƙofar masallaci da kaina ba."

Ya ce in gaida mai ɗakina da yara, ya kira ni da sunana na yanka, ya kashe wayar. Mai ba da magani ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce layi ya zo kaina.